Daga Ayarin Fezzan zuwa Layin Dogo: Tarihin Jirgin Ƙasa a Maiduguri da Batun Jirgin Cikin Gari

1.0 Gabatarwa

A cikin mazaɓu 15 na ƙaramar hukumar birnin Maiduguri akwai wata tsohuwar unguwa mai suna Fezzan, wadda take cikin ƙwaryar Yerwa tare da su Shehuri da Hausari da Limanti da Mafoni. Sunan wannan unguwa na wani yanki ne da ke kudu maso yammacin ƙasar Libiya ta yau, kuma ta samo shi ne daga fataken da suka riƙa ƙetaro Sahara daga can zuwa Barno. A wani gefen birnin kuma akwai tashar jirgin ƙasa da gidajen ma'aikatan reluwe, inda layin dogon da ya taso daga Kuru ya tuƙe a shekarar 1964. Waɗannan wurare biyu shaida ne na manyan hanyoyi biyu da suka ɗauki kasuwancin Barno a zamani daban-daban, ɗaya ta fuskanci arewa, ɗaya kuma ta fuskanci kudu.

A wannan maƙala za mu bi diddigin yadda jirgin ƙasa ya zo Maiduguri, da dalilan da suka sa ya makara, da yadda ya durƙushe. Daga nan za mu duba tarihin jirgin jigilar mutane a cikin gari a Nijeriya, ganin cewa a ƙarshen shekarar 2024 gwamnatin Jihar Barno ta bayyana aniyarta ta shimfiɗa irin wannan layi a Maiduguri. Abin da muke son nunawa shi ne, hanyoyin da birnin ya gada an tsara su ne domin fitar da kaya zuwa nesa, alhali buƙatar da ta fi damun mazauninsa a yau ita ce yadda zai isa kasuwa ko makaranta ko asibiti da safe, ya koma gida da yamma. Bambancin waɗannan buƙatu biyu shi ne ginshiƙin bayaninmu.

2.0 Fezzan da Hanyar Arewa

Dangantakar ƙasar Barno da Fezzan daɗaɗɗiya ce. A ƙarni na 13, zamanin Mai Dunama Dibbalemi, ikon daular Kanem ya kai har Fezzan, domin duk wanda ya riƙe rijiyoyin wannan yanki shi ya riƙe ƙofar fita zuwa Tarabulus da Bahar Rum. Hanyar takan tashi daga yankin Tafkin Cadi ta bi ta Kawar da Bilma, ta faɗa Murzuk, babban birnin Fezzan a ƙarnonin baya, sannan ta gangara gaɓar teku. Ta nan ake shigo da dawaki da takarda da littattafai da tufafi da makamai, a fita da fatu da hauren giwa da gashin jimina, da kuma bayi masu ɗimbin yawa waɗanda da dama daga cikinsu suka halaka a kan hanya. Shehu Muhammadu Al'amin Elkanemi, wanda ya kafa Kukawa a shekarar 1814, a Fezzan aka haife shi. Haka kuma ta wannan hanya ce Turawa 'yan leƙen ƙasa irin su Denham da Clapperton suka iso Kukawa a 1823.

Malaman adabin Hausa sun san wannan hanya ta wata fuskar. A littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka fara bugawa a 1934, mahaifiyar Umar ta bi ayari har Murzuk wajen neman ɗanta. Har ila yau Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya ratso ta daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, shekara uku kafin ya buɗe makarantar boko ta Nasarawa a Kano. A lokacin da ya yi wannan tafiya hanyar ta riga ta kama hanyar mutuwa. Rabe ya rushe Kukawa a 1893, aka kashe shi a Kusuri a 1900, Turawan Ingila da Faransa da Jamus suka raba ƙasar Barno a tsakaninsu, cinikin bayi kuma ya zama haramtacce.

Da Shehu Abubakar Garbai ya ƙaura zuwa Yerwa a 1907, sai jama'ar tsohuwar fada suka biyo shi, kowane rukuni ya sami inda ya sauka. Zuriyar Larabawan arewa, waɗanda Barebari ke kira Wasili, suka zauna a unguwar da ta ɗauki sunan ƙasarsu, Hausawa fatake da maniyyata aikin hajji masu nufin gabas ta ƙasa suka cika Hausari da Zango. Ke nan, tun ranar da aka kafa birnin, tsarin unguwanninsa ya nuna ta inda baƙi da dukiya suke shigowa. Sai dai kuma an kafa unguwar Fezzan ne a daidai lokacin da hanyar Fezzan ke rufewa. A 1911 Italiya ta mamaye Tarabulus, kuma a wannan shekarar ce jirgin ƙasa ya fara isa Kano. Daga nan kayan da a da yake shafe watanni a bayan raƙumi ya koma shigowa ta Legas cikin 'yan kwanaki.

3.0 Shigowar Layin Dogo Ƙasar Arewa

An fara shimfiɗa layin dogo a Nijeriya daga Legas a 1896, ya isa Badun a 1901. A Arewa kuwa, Gwamna Percy Girouard, wanda injiniyan jirgin ƙasa ne da ya yi aiki a Sudan da Masar da Afirka ta Kudu, shi ya jagoranci fara layin Baro zuwa Kano a 1907. Manufar ita ce a kawo kaya daga Kano zuwa Baro a bakin kogin Kwara, daga nan jiragen ruwa su ɗauka. An yi wannan aiki ne da ƙarfin talakawa waɗanda aka riƙa tarawa ta hannun sarakuna da hakimai, aikin da Hausawa suka sani da sunan diga. Wahalar wannan aiki ta shiga adabi, domin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ya yi waƙa a kansa, wato Waƙar Diga. A 1912 aka haɗe layin Legas da na Baro a ƙarƙashin hukuma ɗaya.

Turawa sun sa rai da auduga ne domin masaƙun Ingila, amma manoman Kano suka zaɓi gyaɗa, har ta cika tasha tun a kakar 1912. Daga nan sauran rassa suka biyo baya, kowanne da kayan da aka nufa da shi. Ƙaramin layin Zariya zuwa Jos, wanda aka gama a 1914, na kuza ne. Layin Fatakwal zuwa Inugu, wanda aka gama a 1916, na kwal ne, daga baya aka miƙa shi zuwa Kaduna ta Kafancan, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos a 1927. Layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya kammala a 1929, na Kano zuwa Nguru kuma a 1930. Idan muka ɗora waɗannan layuka a kan taswira za mu ga cewa dukkansu daga gona ko ramin ma'adini suke tashi su nufi tashar jiragen ruwa. Babu ko ɗaya da aka zana domin ya haɗa unguwa da unguwa.

Bayan isar layi Nguru sai aiki ya tsaya. Karyewar tattalin arzikin duniya ta shekarun 1930 da Yaƙin Duniya na Biyu sun hana sabon gini har kusan shekara 30. A tsawon wannan lokaci Nguru ce ƙofar Barno ta arewa, inda ake loda shanu da gyaɗa da ƙaro da kanwa, Jos kuma ita ce ƙofarta ta kudu maso yamma. Duk ɗan kasuwar Yerwa da ke da kaya sai ya ɗora su a mota ko a bayan dabba ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a kan hanyar da damina ke yankewa kafin ya ga tarago. Wannan ya sa kuɗin dako ya riƙa cinye ribar manomin Barno, ya kuma sa kayan shigowa suka fi tsada a Yerwa fiye da Kano.

4.0 Layin Barno, 1958 zuwa 1964

A shekarun 1950, lokacin da 'yan ƙasa suka fara riƙe muƙaman minista, batun haɗa arewa maso gabas da sauran ƙasa ya taso da ƙarfi. An yi muhawara a kan ko babbar hanyar mota ce ta fi dacewa ko layin dogo. Masu goyon bayan dogo suka kafa hujja da nauyin kayan da za a ɗauka da nisan tafiyar, da kuma fatar jawo kasuwancin ƙasar Cadi da arewacin Kamaru, waɗanda ba su da hanyar teku mai sauƙi. A 1955 aka mayar da sashen jiragen ƙasa na gwamnati ya zama hukuma mai cin gashin kanta, wato Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya. A 1958 Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 28 domin gyaran jiragen ƙasa da gina layin Barno, kuma wannan shi ne rance na farko da bankin ya ba Nijeriya. Abin lura a nan shi ne, Abubakar Tafawa Ɓalewa, marubucin da ya siffanta hanyar ayari a littafinsa, shi ne ya riƙe ma'aikatar sufuri kafin ya zama Firayim Minista a 1957, kuma a zamanin mulkinsa aka fara aikin aka gama.

Layin ya balle ne daga Kuru, kudu da Jos, maimakon a ci gaba da shi daga Nguru. Wannan zaɓi ya sa ya ratsa ƙasar Bauci da ta Gwambe mai albarkar auduga, ya kuma haɗu kai tsaye da layin gabas mai zuwa Fatakwal. Kamfanin Stirling-Astaldi ne ya yi kwangilar. Aikin ya haɗa da saukowa daga tsaunukan Filato, da gina gada a kan kogin Gongola, da ratsa filayen da babu duwatsun da za a shimfiɗa a ƙarƙashin dogo sai an ɗauko daga nesa. Jirgi ya isa Bauci a 1961, ya isa Gwambe a 1963, sannan ya bi ta Bajoga da Buni ya shiga Maiduguri a 1964. Tsawon layin kilomita 640 ne, faɗinsa kuma ƙafa 3 da inci 6, wato milimita 1,067, daidai da sauran layukan ƙasar na wancan lokaci. Da shi ne tsawon ƙananan layukan dogo na Nijeriya ya kai kilomita 3,505.

Zuwan jirgi ya ƙarfafa matsayin Maiduguri na cibiyar kasuwancin arewa maso gabas. Shanu da fatu da ƙiraga da gyaɗa da ƙaro da bandar kifin Tafkin Cadi suka sami hanyar fita, siminti da gishiri da man fetur da kayan gini suka sami hanyar shigowa. A kewayen tasha aka gina gidajen ma'aikata da rumbunan ajiya, aka sami direbobi da makanikai da akawuna daga sassa daban-daban na ƙasar. Kamar yadda ayari ya haifar da unguwar Fezzan, haka jirgi ya haifar da tasa unguwar. Shekara uku bayan haka, a 1967, Maiduguri ta zama hedikwatar Jihar Arewa Maso Gabas, a 1975 aka kafa jami'a, a 1976 kuma ta zama hedikwatar Jihar Barno. Birnin ya riƙa faɗaɗa ta ko'ina, amma layin dogo ya tsaya inda aka ajiye shi.

Ya kamata mu fahimci yanayin wannan layi, domin a nan ne bambancinsa da jirgin cikin gari yake. Layi ɗaya ne tilo, don haka jirgi biyu ba sa giftawa sai a tasha. Tashoshinsa suna da nisan kilomita masu yawa a tsakaninsu. Jadawalinsa na matafiyin da zai kwana a hanya ne, ko ɗan kasuwar da zai aika tarago guda na shanu kudu. Mutumin Fezzan ko na Hausari da ke son shiga jirgi sai ya fara neman abin hawa zuwa tasha, jirgin kuwa ba shi da wani amfani gare shi a zirga-zirgarsa ta yau da kullum.

5.0 Koma-baya da Durƙushewa

Layin Barno ya iso ne a shekarar da jiragen ƙasan Nijeriya suka kai ƙololuwarsu. A 1964 hukumar ta ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Bayan shekara 10 kacal, a 1974, fasinja sun koma ƙasa da miliyan 5, kaya kuma sun koma kimanin tan miliyan 1. Dalilan wannan faɗuwa suna da yawa, kuma kusan kowannensu ya fi shafar sabon layin fiye da tsofaffin.

Na farko, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya datse hanyar Fatakwal, wadda ita ce mafitar layin Barno zuwa teku, tun layin bai cika shekara huɗu ba. Na biyu, farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 sun kawar da babban kayan da aka gina lissafin rancen a kansa. Na uku, da kuɗin man fetur suka shigo, gwamnati ta karkata ga gina manyan hanyoyin mota, man kuma ya yi araha, sai manyan motoci suka ƙwace dakon shanu da hatsi, domin mota tana zuwa har bakin kasuwa, kuma ba ta jiran jadawali. Na huɗu, an yi sakaci da gyara. Ƙaramin layi mai yawan kwana da gangara ba ya ɗaukar gudu, idan kuma katakon da ke ƙarƙashin dogo ya ruɓe ko ruwa ya cinye ƙasar gefensa, dole direba ya ƙara rage gudu. Masu hikima sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

An yi yunƙurin ceto har sau da dama. Daga 1979 zuwa 1982 an damƙa tafiyar da hukumar ga wani kamfanin jiragen ƙasa na gwamnatin Indiya. A 1989 aka naɗa Samuel Ogbemudia ya zama kantoman hukumar. A 1995 gwamnatin Janar Sani Abaca ta ƙulla yarjejeniyar gyara da kamfanin CCECC na ƙasar Sin. Kowane yunƙuri yakan kawo sauƙi na ɗan lokaci, da kuɗi sun ƙare kuma sai a koma gidan jiya, kuma ƙarshen layi kamar Maiduguri shi ne kan fara jin jiki.

Daga ƙarshe rikicin Boko Haram ya rufe abin da ya saura. Faɗan watan Yulin 2009 ya fi tsanani ne a yankin gidajen reluwe, inda cibiyar ƙungiyar take. A shekarun da suka biyo baya dazuzzukan da layin ya ratsa tsakanin Buni da Maiduguri suka zama fagen fama, aikin gyaran layin gabas da aka ba da kwangilarsa a 2011 bai iya ƙarasawa Maiduguri ba. A watan Maris na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da sabon aikin sake gina layin Fatakwal zuwa Maiduguri, mai tsawon kilomita 1,443, inda aka kammala ɓangaren Fatakwal zuwa Aba a 2024.

6.0 Jirgin Cikin Gari: Abin da Tarihi Ya Nuna

Jirgin cikin gari wani nau'i ne na daban. Tashoshinsa kusa-kusa suke, yana tashi akai-akai, aikinsa ya fi yawa da safe da maraice, kuɗin tikitinsa kaɗan ne, kuma a yawancin biranen duniya gwamnati ce ke cike giɓin da ke tsakanin kuɗin shiga da kuɗin tafiyarwa. Landan ta buɗe layinta na ƙarƙashin ƙasa a 1863, Alƙahira ta buɗe nata a 1987, Addis Ababa ta fara ƙaramin jirginta na lantarki a 2015, Dakar kuma ta fara jirgin da ke haɗa ta da garuruwan kewayenta a ƙarshen 2021.

A Nijeriya tarihin ya faro ne daga Legas, inda aka buɗe ɗan ƙaramin jirgi mai aiki da tururi a 1902 domin ɗaukar mutane daga tashar Iddo zuwa cikin tsibirin. Bai wuce shekara 12 yana ɗaukar fasinja ba, daga nan ya koma kwasar shara har zuwa 1933. A 1983 Gwamna Lateef Jakande ya aza harsashin wani babban layi na cikin Legas, amma gwamnatin soja ta soke shi a 1985. Abin da ya rage wa talakan Legas shi ne jirgin jigila da ke bin tsohon layi daga Iddo zuwa Agbado da Ijoko, wanda cunkosonsa ya kai har mutane suna hawa rufin tarago. Sai a watan Satumbar 2023 ne Shuɗin Layi, mai tsawon kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2, ya fara ɗaukar fasinja, wato shekara 40 bayan yunƙurin Jakande. Jan Layi, mai tsawon kilomita 27 daga Agbado zuwa Oyingbo, ya biyo baya a 2024.

A Arewa, gwamnatin Jihar Kaduna ta zamanin Namadi Sambo ta haɗa gwiwa da hukumar jiragen ƙasa ta sa jirgin jigila a kan tsohon layin da ya ratsa birnin Kaduna, amma bai ɗore ba. A Abuja an buɗe jirgin cikin gari a watan Yulin 2018, aka dakatar da shi a 2020 lokacin annobar korona, bai sake tashi ba sai a watan Mayun 2024. Babbar matsalarsa tun farko ita ce yawancin tashoshinsa suna nesa da inda jama'a suke zaune, wasu ma babu hanyar mota mai kyau zuwa gare su, sai da aka gina hanyoyin daga baya.

Daga waɗannan misalai za mu iya fitar da darussa uku. Layi yana rayuwa ne idan ya bi ta inda mutane suka riga suke bi. Yana rayuwa idan an tanadi kuɗin gyara da na ma'aikata na kowace shekara, domin bikin buɗewa na rana ɗaya ne. Yana kuma rayuwa idan gwamnatin da ta gaje shi ta ɗauke shi a matsayin nata. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah.

7.0 Maiduguri da Buƙatar Yau

Abubuwa da dama sun haɗu sun tsananta matsalar sufuri a Maiduguri. A watan Yulin 2011 gwamnatin jiha ta haramta hawa babur a birnin saboda dalilan tsaro, sai Keke Napep ta maye gurbin acaɓa ta cika tituna. Daga 2013 zuwa gaba ɗaruruwan dubban 'yan gudun hijira suka kwararo daga ƙananan hukumomi, da yawansu kuma suka zauna ke nan, birnin ya malala zuwa cikin ƙaramar hukumar Jere da bakin hanyoyin Damaturu da Bama da Baga. Janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ninka kuɗin abin hawa, ta yadda ɗan makaranta da ƙaramin ma'aikaci da mai talla suka koma kashe kaso mai tsoka na abin hannunsu a kan zuwa da dawowa.

A ɗaya ɓangaren kuma doka ta sauya. Tun daga zamanin Turawa harkar jirgin ƙasa ta gwamnatin tarayya ce ita kaɗai. A watan Maris na 2023 aka sa hannu a kan gyaran tsarin mulki wanda ya ba jihohi damar gina layin dogo da tafiyar da shi. A kan wannan dama ce gwamnatin Farfesa Babagana Umara Zulum ta sanar da shirinta a ƙarshen 2024, da nufin haɗa kasuwanni da makarantu da sauran wuraren taruwar jama'a na cikin birni, sannan daga baya a miƙa layin zuwa ƙananan hukumomi.

Idan muka auna wannan shiri da ma'aunin tarihin da muka kawo, tambayoyin da za su yanke masa hukunci a fili suke. Tsofaffin unguwanni irin su Fezzan da Shehuri da Hausari, waɗanda suke dab da fada da Kasuwar Litinin, su ne suka fi cunkoso, kuma su ne suka fi ƙarancin fili. Layin da ya kauce musu zai rasa fasinja, wanda ya kutsa cikinsu kuma zai taɓa gidaje da masallatai da zumuncin da ya haura shekara 100, sai an yi shawara da masu unguwa da biyan diyya ta gaskiya. Akwai kuma batun ruwa. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a watan Satumbar 2024, wadda ta shafe babban ɓangare na birnin, ta nuna cewa duk abin da za a shimfiɗa kusa da kogin Ngadda sai an ɗaga shi an yi masa magudanai. Sannan akwai dubban matasa da ke cin abinci da Keke Napep, waɗanda ya fi dacewa a mayar da su masu kawo fasinja tasha a maimakon abokan hamayyar jirgi.

8.0 Abin da Jirgi Ya Bar wa Harshe

Ga malamin Hausa, wannan tarihi yana da wata riba ta daban, domin jirgin ƙasa ya bar sawunsa a cikin harshe. Kalmar jirgi asalinta abin hawa ne na ruwa, da sabon abu ya zo sai Bahaushe ya faɗaɗa ma'anarta ya ce jirgin ƙasa, daga baya kuma ya ce jirgin sama. Wannan misali ne na ƙirƙira daga cikin gida. Tasha da tikiti da fasinja da reluwe da lebura da diga kuwa aro ne daga Ingilishi, waɗanda aka lanƙwasa suka bi tsarin sautin Hausa. Tasha ta bar bakin dogo ta koma ta mota, har ta shiga sunayen garuruwa da unguwanni kamar Sabon Tasha. Ɗalibin Maiduguri da aka haifa bayan shekarar 2000 yana amfani da waɗannan kalmomi kullum, alhali mai yiwuwa bai taɓa jin kukan jirgi a garinsu ba. Haɗa masa kalmar da tarihinta, da sunan unguwarsu da hanyar da ta haife ta, zai sa darasin harshe da na tarihi su ƙarfafi juna.

9.0 Kammalawa

Mun ga yadda hanyar Fezzan ta ɗauki kasuwancin Barno na ƙarnoni kafin jirgin Kano ya kashe ta a 1911, da yadda Barno ta jira shekara 53 bayan haka kafin dogo ya iso ta, da yadda yaƙi da fari da mota da sakaci suka raunana layin tun yana sabo. Mun kuma ga cewa jirgin cikin gari a Legas da Kaduna da Abuja ya sha faɗi-tashi, kuma dalilan faɗuwarsa sanannu ne. Ayari da layin Barno duk an yi su ne domin kayan da za su bar gari. Layin da ake shirin yi yanzu shi ne na farko da aka ce domin mazauna garin za a yi shi, don haka ma'aunin nasararsa shi ne ko mutumin Fezzan da na Gwange da na Bolori za su same shi kusa da ƙofarsu, a kan lokaci, da kuɗin da za su iya biya, shekara 20 bayan an buɗe shi.